Tafiyata Ikko Kan Idon Isuhu

Ku matso kusa, ku ara mani kunnuwanku. Mai goyo ta jijjiga na bayanta shi yi shiru, mai tsinkar zogale ta tsinka a hankali. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta. Tun da na dawo kun hana ni shan iska. Ladi ta tare ni bakin rijiya, Ta-Bazaga ta biyo ni har ɗaka, kowa sai "yaya Ikko, yaya idon yaron?" Na gaji da faɗi gutsu-gutsu. Na zaunar da malamar lakwal, makarantar bokon nan tamu, da alƙalaminta, in faɗa sau guda ta rubuta, kuma na ce kada ta gyara mani baki. Wadda ta ji zafi a ciki, ita ta san abin da ta yi.

Isuhu kun san shi. Ɗan ɗana na fari ne, wanda Allah ya yi ma rasuwa yaron bai ko fara tafiya ba. Uwar ta yi wani aure can Tawa, ni na goye shi, ni na yi mashi tarbiyya. Ya yi lakwal nan Tajaye, ya wuce Konni, ya wuce Yamai, daga nan wata babbar makaranta a gefen Ikko ta ɗauke shi. In na tambaye shi ta waya, "Maigida, mi kake yi can?" sai shi ce, "Aikin haske, amaryata." Ni na ɗauka irin masu hawa falwaya ne.

A wajen sunan jikar Ladi na ji. Ina cikin cin tuwo wata ta dafa ni ta ce, "Inna Hajo, sannu da haƙuri, ashe yaro ya rasa ido?" Kowa ya sunkuyar da kai, na gane duk zauren nan sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Garba ɗana, direban motar albasa, shi ya je Ikko ya ga yaron shina zuba shayi shina kuskure kofi. Ya dawo ya faɗa ma matarshi, matarshi ta kai rijiya. Kafin labarin shi iso ni har ya yi ƙafafu: wai yaro ya ba da idonshi ga aljannun turawa don shi samu takarda. Na ji wadda ta faɗi haka. Tana zaune nan yanzu, ba ni kiran suna.

Na aika anka kira Garba. Na ce, "Kai, wa ya haife ka?"

Ya ce, "Inna, shi ya roƙe ni kada in faɗa maki."

"Shi ya roƙe ka ka faɗa ma rijiya?"

Na ce shi nemo mota. Na rantse gabanshi cewa ba ni dawowa Tajaye sai da Isuhu, tun hasken nan bai cinye ɗayan idon ba. Kuma akwai wani da ake ce ma Farfesa, babban malaminsu, na ce sai na dube shi ido cikin ido na tambaye shi ko haka anka ba shi yaron.

Na ɗaure garin gero a buhu, da kuli-kuli, da yajin daddawa na dakan hannuna, da tandun kwalli. Ta-Bazaga ta kawo mani wani garin magani a tsumma ta ce a jiƙa a ɗiga. Munka biyo ta Malbaza cikin wata mota da ƙofarta igiya ke riƙe da ita. A Konni Garba ya ce sai kabu-kabu zuwa iyaka. Ni da shekaruna anka ɗora ni bayan babur kamar buhun wake. Na ce ma mai tuƙin, "In ka kayar da ni, a gidanku za ni yi jinya." Ya tafi a hankali har jakuna na wuce mu.

A iyaka, gab da Ilela ta Najeriya, wani mai kaki ya juya katina sama da ƙasa ya ce wagga da ke hoto ba ni ba ce. Na ce, "Lokacin da anka ɗauke shi ina da haƙora." Ya kwance kayana ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan yajin ya ce mi ne ne. Na ce yaji. Bai yarda ba, ya cusa hanci ciki ya shaƙa. Atishawar da ya yi sai da hularshi ta faɗi. 'Yan uwanshi sunka kwashe da dariya, ya ɗaga hannu shina hawaye ya ce mu wuce. Ni ban yi dariya ba. Ido nike tunani.

Mun kwana Sakkwato gidan wani abokin Garba. Matarshi mutuniyar kirki, ta dama mani fura, amma sauronsu bai san baƙo ba. Da hantsi munka shiga doguwar mota. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai sayar da atamfa, tun daga Sakkwato har Kwantagora bakinta bai huta ba. Da ta ji abin da ya kai ni ta ce, "Ai Mama, ƙarar su za ki yi." Na ce ƙara ba ta mayar da ido, ni jikana nike so. Mun tsallake kogin Kwara kan wata gada, na rufe ido har munka ƙetare. Daga nan ƙasa ta sake. Gero ya ɓace, sai itatuwa masu duhu da ruwan sama ba lokacinshi ba.

A Ilori anka tsaya cin abinci. Sunka kawo mani wani baƙin tuwo, na ɗauka ƙonewa ya yi, na mayar. Garba ya ce haka shike, amala ne, garin doya. Miyar tana yauƙi ta fi kuɓewa, barkono kamar da gayya. Na ci loma biyu na koma ga kuli-kulina. A tashar nan na ga abin da ya tsaya mani a rai. Wani ƙato da kwat da takalmi mai sheƙi ya hango wani tsoho, sai ya zube ƙasa rub da ciki, ƙirjinshi a turɓaya. Na ce ma Garba farfaɗiya ce? Ya ce gaisuwar Yarbawa ke nan. Na ce, to, ashe akwai waɗanda sunka fi mu. Har na ji sun ɗan kwanta mani. Ku riƙe wannan, za ni dawo kanshi.

Ikko ba gari ba ne, kasuwa ce da ta ƙi tashi. Ba mai ce maka sannu, ba mai kauce maka. Munka sauka unguwar Hausawa gidan wata Hajiya Asabe, mutuniyar Madawa, shekara talatin tana can. Ɗakin da ta ba ni, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, ruwan wanka kuma a jarka ake kawo shi. Amma ta yi mani tuwon gero da garin da na zo da shi, Allah shi saka mata.

Can Isuhu ya same ni. Tun daga ƙofa ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa.

"Amaryata, kin biyo ni har nan? Kishi ne?"

Na ce, "Rufe mani baki. Ɗago in gani."

Ya ɗago. Na riƙe fuskarshi na duba, na sake dubawa. Ido lafiya lau, fari tas, ba ja ba kumburi. Na ce ashe ƙarya anka yi. Ya ce, "A'a Kaka, gaskiya ne. Can ciki ya ƙone, inda gani ke sauka. Na hagun ne. Gefe-gefe ina gani, tsakiyar ce babu." Na fiddo tsumman Ta-Bazaga. Ya karɓa da hannu biyu ya ce likitoci sun duba, tabo ne, ba abin da za a ɗiga shi kai wurin, ya mayar mani. Na ce shi tattara kayanshi, jibi za mu gida, gonar ubanshi na nan. Ya ce, "Kaka, saura kaɗan in gama. Ki zo ki ga abin da nike yi, in kin gani kin ce in bari, na bari." Na tambaye shi yadda abin ya faru, ya ce tsautsayi ne. Sau uku ina tambaya, sau uku tsautsayi.

Washegari munka tafi. Ɗakin aikinsu ƙofarshi da jar fitila a sama, in tana ci ba a shiga sai an ƙwanƙwasa. Sunka sa na cire takalmi kamar masallaci. Sunka ce in cire awarwaro da zobe, duk abin da ke ƙyalli. Zoben azurfar nan na marigayi malam mijina, tun da ya sa mani shi ban cire ba. Na ce ba ni cirewa. Isuhu ya ce, "Kaka, hasken in ya bugi abu mai ƙyalli kaucewa shike, shi nufi inda ba a aike shi ba." Da sabulu anka fidda shi. Sannan anka ɗaura mani wani ƙaton tabarau mai duhu, na zama kamar mai walda. Garba ya fara murmushi, na dube shi ya haɗiye.

Ciki sanyi kamar randa. Babban tebur na ƙarfe ya kai mani ƙugu, an kakkafa mashi 'yan madubai ƙanana kamar na kwalliyar amare, da wani akwati shina gunji a hankali. Na ce, "Ina hasken?" Ya ce, "Ga shi nan shina wucewa." Na duba, ba komai. Sai ya ɗauko wata 'yar takarda ya riƙe ta a iska, a sarari inda babu kome, sai ga ɗigo ya bayyana a kanta shina ci. Ya janye, ɗigon ya ɓace. Ya ce irin wanga haske idon mutum ba shi ganinshi, shi ya sa ido ba shi ƙiftawa shi kare kanshi. Ko zafi bai ji ba ranar.

Ya ce akwatin ba zuba haske shike kamar fitila ba, bugawa shike, bugu-bugu, kowane bugu gajere ƙwarai, ƙiftawar ido a gefenshi kamar daga shuka ce zuwa girbi, har ma ta fi. Na ce mi ne ne amfanin gajarta shi? Ya ce, "Kaka, in kin ɗora taɓarya kan gero kin bar ta ta yini, mi za ya faru?" Na ce ba komai. "In kin ɗaga kin buga?" Na ce dusa ta fita. Ya ce to haka gilashi shike da haske. In haske ya zo a sanyaye, yadda ya shiga haka za shi fita. In an tara ƙarfinshi a bugu guda, sai gilashin shi amsa da wani abu dabam.

Ya nuna mani wani ɗan dutse garai-garai, bai kai ƙwayar masara ba. Ya juya shi kaɗan-kaɗan da wani ɗan maɓalli, shina karkata kai don shi duba da idon dama. Haske marar kama ya shiga ta nan, sai ga kore ya fito ta can, kore shar irin na ganyen wake bayan ruwa. Sannan ya nuna mani zaren gilashi siriri kamar gashin kai, a nannaɗe. Ya ce ɗan uwan wanda anka gina rami anka binne bakin gudron ɗin Konni ne, titin kwaltar nan, mai ɗaukar maganar waya. Ya tura bugun cikin zaren. Tabarau ya hana ni gani sosai, sai ya nuna mani a wani allo kamar talabijin: kala guda ta shiga, bakan gizo cikakke ya fito. Ba ni ɓoye maku, ya yi kyau. Kyan nan ya ƙara mani haushi. Na ce, "Wannan ne ka ba idonka?"

Sai anka ƙwanƙwasa. Wani tsoho ya shigo da nashi tabarau, gajere, kai fari fat. Ya tsaya ƙyam ya ce, "Mama, sannu da hanya," da Hausa garau. Ashe Bayarabe ne, a Sabon Gari ya tashi. Shi ne Farfesa. Bai rusuna ba, Isuhu ma bai rusuna mashi ba. Na tuna ƙaton Ilori, na ce wato ni ce ban isa ba.

Duk abin da na ƙunso tun daga Tajaye na zazzage mashi. Na ce maraya anka ba ka da ido biyu. Na ce ko akuya anka ba ka kiwo ka mayar da ita da ido guda sai ka yi bayani. Na ce kai ga naka biyu lafiya a bayan gilashi, ɗan talakawa ne ya dace shi ƙone? Garba na ja mani mayafi, na buge hannunshi. Tsohon bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mama, ina da laifi. Ranar na shigo ban ƙwanƙwasa ba, hankalina ba shi jikina. Kuma akwai wani ɗan haske da ya kauce daga dutsen nan ya bi gefen tebur, hakkina ne in tabbata an tare shi, ba a tare ba. Wannan har in mutu shina wuyana." Ya juya ga Isuhu. "Sauran ba ka faɗa mata ba?"

Isuhu ya ce, "Baba, a bar shi."

Na ce ba a bari.

Farfesa ya ce, "Uwata ce ta rasu. Ranar na dawo daga makoki. Da ya gan ni sai ya cire tabarau ya durƙusa shi yi mani gaisuwa. Hasken nan daidai tsayin tebur shike tafiya, Mama. Mai tsaye, a ƙugu shike wuce shi. Wanda ya durƙusa, idonshi ya kawo."

Jama'a, ku saurara da kyau. Ni na kira yaron nan ta waya da ya faɗa mani uwar malaminsu ta rasu. Ni na ce mashi, "In ya dawo, duk inda ka fara ganinshi ka kai gwiwa ƙasa. Kada ka tsaya mashi kamar jandarma, kada ka gaishe shi da wani abu a fuska, kada a ce ba ka da mafaɗi." Kuma tun shina ɗan shekara biyar, tsumagiyar tsamiya na ajiye a saman ƙofa don wannan kaɗai. In babba ya shigo bai zube ba, sai na zane mashi ƙafafu. Na sa mashi abin a gwiwa har ya zama gwiwar ba ta shawara da kai. Yaron ya san dokar ɗakin sarai, shi ke koya ma sababbi. Gwiwar ce ta riga shi.

Na yi tafiyar kwana uku da wuta a ciki ina neman wanda za ni ƙona, ashe har da ni a cikin masu laifin. Na nemi in zauna ƙasa. Mutum uku sunka riƙe ni a tare, sunka ce, "Kada ki duƙa!" Ko zaman baƙin ciki ɗakin nan bai yarda da shi ba.

Isuhu ya ga hawaye na bin ƙarƙashin tabarau. Ya ce, "Kaka, ki yafe mani," sai na ga hannunshi ya nufi fuska, gwiwarshi ta fara lanƙwasa. Wallahi bai san shina yi ba. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na caɓe wuyan rigarshi na fizge shi sama, na ɗauke shi da mari, tabarau da komai.

"Tsaya! Tsaya da ƙafafunka, ɗan banza! Ni na ce ka durƙusa, ni na ce ka tashi!"

Akwatin na ta gunji. Farfesa ya miƙa hannu ya kashe shi.

A waje, bayan an mayar mani da zobena, na yi magana. Na ce ma Isuhu na yi rantsuwa, amma za ni yi kaffara. Ido guda ya riga ya tafi kan aikin nan, in na kai shi gona ya tafi a banza. Na ce shi gama. Amma cikin ɗakin can ba shi da babba, ko ni, ko Farfesa, ko ubanshi ne ya taso daga kabari. Na juya ga tsohon na ce, ku da kuke kwanciya rub da ciki, kai ya kamata ka fara sanin wannan. Ka sa tabarma nan bakin ƙofa, duk mai gaisuwa shi gama ta a nan, shi zube shi tashi, sannan shi shiga. Ya ce ya riga ya sa an kewaye teburin da baƙin allo, amma tabarma bai yi tunaninta ba. Na ce ai na ga alama. Ban ce na yafe mashi ba, shi ma bai roƙa ba.

Komowa ba ta da labari. Hanyar ce dai, da amalar, da mai kakin nan na iyaka, wanda da ya hango ni ya ce a bar tsohuwa ta wuce.

To, ga inda kowa ya kwana. Garba na nan shina jigilar albasa, yanzu in ya ji magana ni shike fara kawo ma. Matarshi ta koma ɗibar ruwa da sassafe don kada mu haɗu. Hajiya Asabe ta aiko a kai mata daddawa, na aika. Ta-Bazaga, ga tsummanki, ban kwance ba. Mai maganar aljannu ta zo da kanta ban haƙuri ta ce sharrin shaiɗan ne, na ce na san sunanshi. Farfesa ya sa tabarmar, Isuhu ya turo hotonta a wayar malama, shuɗiya ce ta roba, da takalma a gefe. Tsumagiyar tsamiya tana saman ƙofa har ranar da na dawo, na sauko da ita na hura wutar kunu. Yara har yau suna durƙusa mani, ban hana ba, ban kuma ƙara dukan wanda ya manta ba.

Isuhu ya gama, sun riƙe shi shina koyarwa. Ya zo da Sallah, kun gan shi. Abin da ba ku gani ba, da munka keɓe na ce shi rufe idon dama shi dube ni da na hagun, shi faɗa mani gaskiya mi shike gani. Ya daɗe shina kallo. Ya ce, "Ina ganin kallabinki, Kaka. Ina ganin kafaɗunki, da ƙofar da ke bayanki."

Na ce, "Fuskata fa?"

Ya ce, "Babu."

Malama, ajiye alƙalamin. Ku tashi ku ba ni wuri.